Ra'ayinmu: Wa Zai Auna Mana Ƙasarmu?

'Yan'uwa ɗalibai, kowace shekara idan an zo zaɓen fanni sai ka ga an yi cincirindo a ƙofar likitanci da lauya, ajin fiziks kuwa sai wanda ya rasa gurbi. Mu dai a ganinmu wannan kuskure ne, kuma mutanen Gummi da Anka da Bukkuyum sun fi kowa sanin kuɗinsa.

Bari mu kawo misali da Farfesa Deborah Ajakaiye, haifaffiyar Jos. Ta sami digirinta na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1970, ta zama farfesar fiziks a 1980. Aikinta shi ne karanta abin da ke cikin ƙasa ba tare da an sa diga ba. Ita duniyar nan babban maganaɗisu ce, duwatsu masu tama kuwa sukan ƙara ƙarfinsa kaɗan a inda suke. Idan jirgin sama ya ratsa da ma'aunin maganaɗisu, wannan ɗan bambanci shi ke nuna inda dutse ya tsage can ƙarƙashi. Da irin wannan awo ita da abokan aikinta suka bayyana tsarin kwarin Binuwai a mujallar Nature a 1986.

Mene ne ruwanmu da wannan? Ma'aunin ba ya ganin zinariya, gama ƙarfen maganaɗisu ba ya jan ta. Amma yana ganin tsagar dutse, a irin tsagar nan kuwa jijiyoyin zinariyar Anka suke kwance, wani wuri tare da dalma.

Ba mu manta da 2010 ba. An riƙa kai duwatsun cikin gida ana niƙawa, ƙura ta bi tsakar gida da abinci, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare. Allah Ya jiƙansu. Na'urorin da suka gano dalmar a ƙasa da cikin jinin yara ƙanana ne, a hannu ake riƙe su, amma sai da baƙi suka zo da su bayan an cika maƙabarta. Bagega kuwa sai a 2013 aka share ta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, yaya zai sani idan ba ya da ma'auni, ba ya kuma da ɗan da ya iya karanta shi?

Saboda haka muna kira ga gwamnatin Zamfara da ta ware tallafi na musamman ga masu karatun fiziks, ta kuma gyara ɗakunan gwaji na makarantun sakandare. Ku kuma ƙannenmu masu kaifin lissafi, kada ku raina fannin nan. Arzikin da ke ƙarƙashin gonar mahaifinku, in ba ku auna shi ba, wani zai auna, ya kwashi zinariyar, ya bar muku ƙurar.

Allah Ya sa mu gane, amin.

Edita