Canza Lardi Kafin Takardar Zama Ta Fito: Jan Hankali Ga Masu Neman Kanada

 

'Yan uwa, akwai tambayar da ta yawaita a bakin matasanmu masu neman takardar zama na dindindin a ƙasar Kanada. Mutum ya cike takardu, ya rubuta cewa a lardi kaza zai zauna, kafin amsa ta fito sai ra'ayinsa ya juya. Ko ya samu aiki a wani gari, ko ɗan uwansa ya ce ya dawo kusa da shi, ko labarin sanyin wurin ya razana shi. Shin yana da damar canzawa? In kuma ya yi shiru har ya shiga ƙasar, da laifi?

Maganar ta shafe mu kai tsaye. A shekarar 2024 Kamaru da Najeriya suna cikin ƙasashe biyar da suka fi samun wannan takarda. Tun 2023 kuma Kanada ta ware zaɓe na musamman ga masu jin Faransanci da za su zauna a wajen lardin Kebek, abin da ya sa ɗalibanmu na Nijar da Cadi da Kamaru suka ƙara sa ido.

Amsar tana rataye ne ga ƙofar da mutum ya bi, kuma manyan ƙofofin ma'aikata uku ne.

Ta farko ita ce ta gwamnatin tarayya, ta tsarin Express Entry da aka fara a watan Janairun 2015. Wanda aka gayyata da makinsa, ba tare da wani lardi ya tsaya masa ba, yana da 'yancin zama ko'ina ban da Kebek. In ya rubuta Toronto, daga baya ya ga Otawa ta fi masa, babu abin da ya ɓaci. Sai dai ya sanar da ma'aikatar shige da fice domin takardunsa su dace da halin da yake ciki.

Ta biyu ita ce zaɓen larduna, wanda Manitoba ta kasance cikin na farko da suka fara shi a ƙarshen shekarun 1990. Dalilin ƙirƙiro shi sananne ne: baƙi suna cunkushewa a manyan birane, alhali ƙananan larduna suna neman ma'aikatan jinya da direbobi da masu sana'ar hannu. Lardin da ya zaɓe ka, zaɓensa na ƙara maka maki 600 a Express Entry, wanda kusan tabbacin samun gayyata ne. Sharaɗin da doka ta gindaya shi ne ka kasance da niyyar zama a lardin. Don haka wanda niyyarsa ta canza kafin a kammala, ginshiƙin da takardarsa ta tsaya a kai ne ya kauce. Lardi na iya janye zaɓensa, makin ya tafi, a ƙi takardar. Ko a filin jirgi, jami'in kan iyaka yana da ikon tambayar inda aka dosa, kuma yana iya dakatar da ba da matsayin zama in ya ga amsar ta saɓa.

Ta uku ita ce Kebek, wadda bisa yarjejeniyar 1991 ita ke zaɓen ma'aikatanta da kanta, ta ba su takardar da ake kira CSQ. Wannan takarda ba ta aiki ga mai niyyar zama a Ontariyo, kamar yadda ta tarayya ba ta aiki ga mai niyyar zama a Kebek. A nan akwai abin da ke damun wasu iyalai Musulmi: dokar lamba 21 ta shekarar 2019 ta hana wasu ma'aikatan gwamnatin lardin, ciki har da malaman makarantun gwamnati, sanya alamar addini a bakin aiki. Malama mai hijabi da ta gano haka bayan an shigar da takardu tana da uzuri babba na sake tunani. Amma uzurin ba ya mayar da takardar Kebek ta zama ta wani lardi, sai an sake neman wata ƙofar.

Masu cewa a yi shiru suna kafa hujja da sashe na 6 na kundin 'yancin ɗan ƙasa na 1982, wanda ya bai wa duk mai zama na dindindin damar komawa lardin da ya so. Gaskiya ne, sai dai wannan dama tana farawa ne bayan an zama mazauni. Wanda ya sauka a lardinsa, ya nemi aiki da gaske, abin ya gagara, ya tashi, doka na tare da shi. Wanda kuwa aka tabbatar tun farko bai da niyyar zama, sashe na 40 na dokar shige da fice ya hau kansa: ƙarya a takardu, hukuncinta hana shiga ƙasar har shekara 5, kuma tana iya jawo ƙwace matsayin da aka riga aka bayar, ta shafi mata da yaran da ke cikin takarda ɗaya. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne ƙofar ta ƙuntata. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Kanada ta rage adadin da za ta karɓa a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000, ta kuma rage kason larduna na shekarar zuwa 55,000, rabin na 2024. Gurbin da ka riƙe ba da niyyar zama ba, akwai wani bawan Allah da ke jiransa da gaske. Kuma duk ha'incin da aka kama, na bayanka masu fasfo irin naka ne za su sha ƙarin bincike.

A fahimtarmu, canza niyya ba laifi ba ne, domin zukata suna juyawa, al'amura suna sauyawa. Laifin yana cikin ɓoyewa. Sa hannu a takarda alkawari ne, kuma Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta buɗe, ba ta ware Musulmi daga wanda ba Musulmi ba. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa: Ƙuraishawa sun tare su a hanya, suka sa su alkawarin cewa Madina za su wuce, ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Da suka ba shi labari gab da yaƙin Badar, lokacin da Musulmi ke da ƙarancin mayaƙa, sai ya umarce su da su cika alkawarin. In an cika wa abokin gaba, ina ga ƙasar da ka ƙwanƙwasa ƙofarta da kanka?

Shawararmu ga wanda ya samu kansa a wannan hali: ya fara duba ƙofar da ya bi. In ta lardi ce, ya auna ko canjin ya zama dole, ko kuwa zai iya sauka inda ya yi alkawari ya gwada da zuciya ɗaya. In ya zama dole, ya rubuta wa lardin da ma'aikatar kafin ya hau jirgi, ko da hakan zai sa ya koma farko. Ya adana shaidar dalilinsa, kamar takardar ɗaukar aiki ko ta asibiti. Kada ya miƙa kuɗinsa ga dillalan biza masu cewa "rubuta ko'ina, in ka shiga ka gudu". Dokar Kanada ta taƙaita karɓar kuɗi kan irin wannan shawara ga lauyoyi da masu lasisi, kuma ranar da asiri ya tonu, sa hannunka za a gani, ba na dillali ba.

Iyaye da limamai, mu riƙa tambayar 'ya'yanmu abin da suka rubuta kafin mu yi musu addu'ar tafiya. Allah Ya ba mu arziki na halal a inda ya fi alheri, Ya sa mu cikin masu cika alkawari. Allah ne Mafi sani.