A BAR MAI RAWA, A DUBA ƘOFA

Tun da kiɗan nan da Turawa ke kira rok ya bayyana a Amurka wajen tsakiyar shekarun 1950, ya kuma ƙetare teku zuwa Ingila, manya ba su daina kuka da halin masu sauraronsa ba. A 1956, sa'ad da aka nuna wani majigi mai wannan kiɗa a Ingila, samari suka riƙa tashi suna rawa tsakanin kujeru, har aka yayyaga kujerun a waɗansu gidajen silima, waɗansu garuruwa kuma suka hana nuna shi. Daga nan fa magana ta zauna a bakin mutane, wai duk inda aka taru domin wannan kiɗa, a bakin ƙofa a ke ajiye hankali. Mu kuwa a namu gani an haɗa abu biyu waɗanda ba ɗaya ba ne, watau zumuɗin mai son kiɗa, da cunkoson da ke kashe mutane.

Bari mu fara da zumuɗi, don ba mu musun akwai shi. Ran 15 ga watan Agusta 1965 makaɗan nan huɗu na Ingila, Beatles, suka yi wasa a filin Shea na birnin Niyok gaban mutum fiye da 55,000. Kururuwar 'yan kallo ta kai har su makaɗan ba su jin abin da su ke kaɗawa. Kafin wannan ma, ɗayansu, George Harrison, ya taɓa faɗin yana son wata alewa mai taushi, sai masoya suka mai da jifansu da alewa al'ada. Da suka je Washinton a 1964 aka jefe su da irin ta Amurka, ita kuwa tauri gare ta kamar tsakuwa. Wannan hayaniya tana cikin dalilan da suka sa suka bar yawon wasa a 1966.

Akwai kuma irin mutumin da kowane gari ke da nasa, wanda kiɗa ya zame masa ci da sha. A birnin Sen Luwis na Amurka an yi wani da a ke kira Beatle Bob. Kullum da dare ga shi cikin kwat, ya tsaya gaban dandamali yana wata rawa tasa shi kaɗai, ko makaɗan sanannu ne ko 'yan koyo. Bisa faɗarsa, ya yi dare fiye da 9,000 a jere bai fasa zuwa wurin kiɗa ba, tun daga ƙarshen 1996 har zuwa 2023, shekarar da ya rasu. Waɗansu sun yi masa dariya, waɗansu sun ji haushinsa don yana tare musu gani. To, amma wa ya cuta? Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sau da yawa ma irinsa ne ke ƙarfafa zuciyar ƙananan makaɗa ranar da zaure ba kowa.

Yanzu ga abin da ya kamata a yi kuka da shi. Ran 3 ga watan Disamba 1979 makaɗan The Who suka zo wasa a Sinsinati, cikin jihar Ohayo. An sayar da tikiti fiye da 18,000, mafi yawansu kuwa ba su da lambar kujera, watau wanda ya riga shiga shi ke samun wuri a gaba. Saboda haka mutane suka taru a bakin ƙofa tun da rana, cikin sanyi. Da suka ji kiɗa yana tashi daga ciki, suka zaci an fara, sai na baya suka matso. Ƙofofin da aka buɗe kuwa kaɗan ne ƙwarai. Mutum 11 suka mutu, ƙaraminsu shekararsa 15. Makaɗan kansu ba a gaya musu ba sai bayan da suka gama wasa.

Da labari ya bazu, mutane da yawa suka ɗora laifi kan samari, aka ce maye ne da rashin tarbiyya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Masanan da suka bincika al'amarin cunkoso sun nuna in mutum shida ko bakwai suka matsu a wuri mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, ba wanda ke da ikon jikinsa kuma, taron sai ya riƙa tafiya kamar ruwa. Na tsakiya ƙirjinsa ke matsewa ya kasa numfashi, ya kan mutu ma a tsaye. Na baya kuwa bai san abin da ke faruwa a gaba ba, shi dai ya ga wuri ya ɗan buɗe ya taka. Ashe wanda ya san yawan tikiti, ya san yawan ƙofofi, shi ne ke riƙe da ran jama'a a hannunsa. Majalisar Sinsinati ta gane haka, cikin watan nan ta hana sayar da tikiti marar kujera, dokar kuma ta tsaya har 2004.

An sake ganin irin wannan a Roskilda, ƙasar Danmak, ran 30 ga watan Yuni 2000, lokacin da makaɗan Pearl Jam ke wasa a fili bayan ruwan sama. Mawaƙinsu ya tsai da kiɗa ya roƙi jama'a su ja da baya, amma an makara, mutum 9 suka halaka sakamakon matsin da aka yi a gaban dandamali. Bayan haka masu shirya bikin suka yanka filin gaba da shingaye, kowane ɓangare da iyakar mutanen da za su shiga. Da an yi wannan tun farko, da iyaye tara ba su yi kuka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada a ɗauka mun wanke 'yan kallo sarai. Mai jifa da kwalba, da mai ture na gabansa da gangan, da mai ganin wani ya faɗi ya ƙi ba shi hannu, duk masu laifi ne, ya kuma kamata a hore su. Abin da mu ke cewa shi ne, ihu da rawa da baƙuwar sutura su ne ke ɗauke ido, amma ba su ne ke kisa ba.

Saboda haka muna jan hankalin malamai da ma'aikatan ofis, waɗanda shirya taro ko ba da izninsa kan biyo ta hannunsu wata rana. Kafin ku sa hannu, ku tambaya: mutum nawa wurin ke ɗauka? Ƙofa nawa za a buɗe, da ƙarfe nawa? Wa ke da ikon tsai da wasa in an ga alamar matsi? In waɗannan sun sami amsa, to, a ƙyale mai rawa ya yi rawarsa, kowa ya koma gida lafiya.