Ba Kowace Shawara Ce Ta Jiƙo Ba

Da yawa daga cikin 'yan Arewa masu neman abinci a Ikko da Badun sun bar iyalansu a garuruwan gefen Abuja, irin su Kurudu da ke kan hanyar Karshi. In aka yi waya aka ce idon uwargida ya yi rawaya, abin da aka saba shi ne maigida ya aika da kuɗin jiƙo, wai shawara ce. Wannan al'ada tana bukatar gyara.

Shawara alama ce kawai. Wani lokaci hanta ce ta kamu, wani lokaci kuwa tsakuwa ce ta fito daga matsarmama ta toshe hanyar da ruwanta ke bi zuwa hanji. In haka ta faru, fitsari yakan yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Jiƙo ba ya kawar da tsakuwar nan. Idan zazzaɓi da rawar sanyi suka biyo baya, to, ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma jinkirin kwana ɗaya yana iya cin rai.

Tun kafin nan cutar takan yi gargaɗi: ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin abinci mai maiƙo, wanda kan harba zuwa kafaɗa. Sau da yawa akan ce olsa ce, a yi shekaru ana shan maganin kemis. Mata sun fi kamuwa, haka ma masu amosanin jini, waɗanda tsakuwar kan same su tun suna yara.

Alhali gano ta ba wuya. Hoton ciki da gwajin jini su ne matakin farko. Tun 1882 aka fara cire matsarmama a Jamus, a 1985 kuma aka fara yin aikin ta 'yan ƙananan huji. Mutum yana rayuwa lafiya lau ba tare da ita ba.

Saboda haka wajibi ne hukumomin lafiya na Abuja su tabbatar akwai na'urar hoton ciki da ma'aikacinta kusa da mutanen Kurudu. Magidanta kuma su sa iyalansu cikin inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta. Wanda zai aika da kuɗi gida daga Agege ko Sabo, ya faɗa ƙarara cewa na hoton ciki ne, ya kuma nemi a karanta masa sakamakon ta waya.