Kama da wane ba wane ba ne

Garin Gaya yana zaune tsakanin harsunan Turawa biyu. Faransanci ne harshen ofis a nan da kuma Malanbil, tsallaken kogi. Amma wanda ya nufi Kamba, cikin jihar Kebbi, ko da Hausa ta ishe shi ciniki, takardun kwastan da na banki da na kotu duk da Ingilishi ake rubuta su. A nan ɗan boko ya fi kowa shiga haɗari, domin yana hango kalma sai ya ce ai 'yar gida ce.

Kamar tana da asali. A shekarar 1066 Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, dubban kalmominsa suka shige Ingilishi. Sai dai wasunsu sun sake hali, kamar ɗan da aka ba riƙo a wani gida. Mafi cutarwa kuwa su ne masu bayyana abin da ke cikin zuciya, domin da su ake auna niyyar mutum.

Mu fara da "ignorer". Da Faransanci ma'anarta ta farko rashin sani. Da Ingilishi "ignore" na nufin ka sani ka yi biris. Ɗan kasuwar da aka tsare wa mota, ya sa aka rubuta masa "I ignored the law", yana nufin bai san dokar ba. Jami'in da ya karanta kuwa abin da zai fahimta shi ne: na san doka, na take ta da gangan. Mai neman sassauci ya sa hannu a kan laifinsa. Abin da ya kamata a rubuta shi ne "I did not know".

Ta biyu, "déception": takaicin wanda ya sa rai bai samu ba. "Deception" ta Ingilishi kuwa yaudara ce. Ka aika wa abokin cinikinka na Legas cewa jinkirin kaya ya zame maka "deception", to ka kira shi macuci, alhali kukan takaici kawai kake yi. Kalmar da kake nema ita ce "disappointment". Amanar shekaru tana iya rushewa a kan wannan.

Ta uku, "sensible". Bafaranshe na faɗinta ga mai saurin jin abu a rai, Bature ɗan Ingila kuwa ga mai hankali da natsuwa. Mai saurin jin abu shi ne "sensitive". Ma'aikacin da ya so ya ce batun iyaka yana buƙatar taka tsantsan, "sensitive" zai rubuta.

Maganin yana bakinmu. Hausa ba ta taɓa haɗa rashin sani da biris ba, ko takaici da yaudara, ko hankali da raunin zuciya. Kafin ka sa hannu a takardar Ingilishi, ka sa mai fassara ya mayar maka da ita Hausa, jimla bayan jimla, ba Faransanci ba. In ka ji abin da zuciyarka ba ta nufa ba, ajiye alƙalami. Tambaya ba ta rage girman alhaji, ba ta rage na mushe.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.