Zauren Anti: Amarya Za Ta Hau Dutse

Wata amarya daga Gummi ta rubuto mini cewa an tura angonta aiki Gembu a Jihar Taraba, ya kuma nace sai sun hau Chappal Waddi tare. Wai tsoro take ji, amma ba ta son ta ce a'a.

To ƙanwata, dutsen nan ba irin Kwatarkwashi ba ne da za ki hau da safe ki sauko kafin azahar. Shi ne mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419, a gandun dajin Gashaka-Gumti kan iyakar Kamaru. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa, kwana a tanti.

Numfashi bai cika wahala ba a irin wannan tsayi. Sanyi da ƙafa su ne abin ji. Ke da kika saba da zafin Gummi, can sama da dare sai haƙoranki sun kaɗa. Ki ajiye leshi da silifas a gida, don Allah! Ki nemi rigar sanyi, bargo, safa, da kambas ɗin da kika riga kika taka sosai, sabo kumbura ƙafa yake yi. Ki lissafa kwanakin al'adarki kafin a sa rana, wannan maigida ba zai tuna ba.

Ku tafi da rani, Disamba zuwa Fabrairu. Ku nemi izini da ɗan jagora a ofishin gandun da ke Serti, ku tambayi lafiyar hanya, kuma Inna ta san ranar dawowarku. In kin gaji ki faɗa masa, ba a kunyar miji a kan dutse.