Rigar Aro a Bakin Kogin Nilu

Akwai wani irin littafi da Turawa suka daɗe suna rubutawa, masu shirya fim kuma suna mai da shi majigi, har yanzu ya shigo cikin wayoyin samari da 'yan matan ikilisiya. Ana ɗauko yaƙin da aka yi da gaske, da garuruwansa da shekarunsa, sa'an nan a jefa mutum biyu a ciki, watau saurayi ɗan leƙen asiri wanda ya ɓad da kama, da budurwa mai jiransa a gida. In dattijo ya yi gyaran murya a kai, amsar guda ɗaya ce: "Baba, ai labari ne kawai." Wannan amsa ba ta isa ba, ƙasar Sudan kuwa ta ishi kowa shaida.

Sanannen littafin wannan iri a kan Sudan shi ne The Four Feathers, watau gashin tsuntsu huɗu, wanda A. E. W. Mason ya buga a Ingila a 1902. Wani hafsan soja mai suna Harry Feversham ya ajiye aiki ana gab da tura rundunarsa Masar. Abokansa uku suka aiko masa da farin gashin tsuntsu, alamar ragonci, budurwarsa Ethne ta ƙara na huɗu. Domin ya wanke sunansa sai ya sa kayan da ba nasa ba, ya kutsa ƙasar da mabiyan Mahadi ke mulki, har cikin kurkukun Umdurman. An mai da labarin fim fiye da sau biyar. A na 1939 jarumin ya zama beben baƙin mutum mai tabo a goshi, aka kuma rufe da yaƙin Umdurman.

To, a dubi wannan yaƙi. Ran 2 ga Satumba 1898, a filin Karari, sojan Kitchener suka kashe mutanen Halifa Abdullahi wajen 10,000 kafin azahar, su kuwa waɗanda suka mutu a nasu gefen ba su kai 50 ba. Kowane ɗaya cikin dubu goman nan yana da uwa, da yawa suna da mata da 'ya'ya. A fim kuwa ba su zama kome ba sai ƙura da ihu a bayan jarumi. An mai da jinin ƙasa guda sabulun wanke sunan saurayi ɗaya, domin budurwa ta karɓi gashin tsuntsunta a ɗaura aure. Mai kallo yana tashi da murna, gama zuciyarsa tana wajen masoyan nan biyu tun daga farko, soyayya ce kuwa ta ja ta can.

Tatsuniya ba ta yaudarar kowa. Tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" yaro ya san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa biyan haraji a garinsu ba. Amma labarin da ya ambaci Gordon da Kitchener da Umdurman ya ari rigar tarihi, mai karatu kuwa ba shi da hanyar rarrabe tsaba da tsakuwa. Wanda ya ari sunan matattu yana da bashin gaskiya a wuyansa.

In ana son a san yadda aure yake a cikin wannan yaƙi, ga Teresa Grigolini. Sista ce 'yar Italiya, cikin ƙungiyar da Daniel Comboni ya kafa. An kama ta sa'ad da garin Al-Ubayyid ya faɗa hannun Mahadi a 1883. Domin kada a raba sistocin ga mayaƙa, sai ta yarda aka ɗaura mata aure da wani Baheleni ɗan kasuwa, shi ma kamamme. Da fari auren na suna ne, daga baya ya zama na gaske, ta haifi 'ya'ya. Sa'ad da Fada Ohrwalder ya tsere a 1891 tare da sistoci biyu, ita tana nan a Umdurman. Bayan yaƙi ba ta iya komawa rayuwar da ta yi wa'adi a kai ba, ta zauna da kunyar abin da ta yi domin ceton waɗansu, har ta rasu a Italiya a 1931. Ba kiɗa, ba gashin tsuntsu. Wannan ne auren da yaƙin ya ɗaura.

Amma babbar ɓarnar tana wajen ɓad da kama. Littattafan nan suna koya cewa sa rigar wani a yi ƙarya a cikinta jaruntaka ce, mai rigar kuwa ba ya hasarar kome. Hausawan Shuɗin Nilu sun san ba haka ba ne.

Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wajen 1906. Garin yana amsa sunansa har wa yau. Bayansu dubban Hausawa da Fulani da Barebari suka biyo hanya da ƙafa da jakuna, suna nufin Makka. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka riƙe da yawa daga cikinsu, aka kafa ƙauyuka. Matafiyi irin wannan ba shi da dangi a gaba, ba shi da takarda. Jarinsa kawai shi ne a gaskata shi in ya ce shi baƙo ne mai wucewa, a ba shi ruwa da wurin shimfiɗa. Duk ɗan leƙen asirin da ya shiga kayan matafiyi, kamar yadda Richard Burton ya shiga kayan alhaji ya je Makka a 1853, daga wannan jari yake ci. Shi zai koma gida ya rubuta littafi, wanda ya zo bayansa da gaskiya shi za a tsare a ƙofar gari.

Su kansu Turawan mulki da wannan ido suka dubi mutanen hanya. Suna tsoron wasiƙun Mahadiyya da ke kai da komowa tsakanin Nilu da Arewa. A 1923 suka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu suka kai shi Buea a Kamaru. A 1925 wani jami'insu, G. J. Lethem, ya bi sawun mahajjata ta Sudan da Jidda da Alƙahira yana bincike, aka buga rahotonsa a 1927. Leƙen asirin gaske ke nan: lissafin sunayen talakawa, da wa ya sauka a gidan wa. Babu budurwa a ciki.

Zato kuma ba ya mutuwa da wanda ya shuka shi. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta bukaci a nuna kakannin mutum suna ƙasar tun kafin 1898, saboda haka jikokin mutanen 1906 suka zama baƙi a inda aka binne cibiyarsu. A 2022 rikici a jihar Shuɗin Nilu, a kan ƙasa da sarauta da wanene ɗan gari, ya ci ɗaruruwan rayuka, Hausawa da maƙwabtansu. A yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, kalma guda ta "yana kai musu labari" ta isa a ɗauke mutum. A Janairu 2025, lokacin da soja ke sake karɓar Wad Madani, aka auka wa ƙauyen leburorin gona na Kambo Tayba a Jazira bisa zargin haɗa baki da abokan gaba, aka kashe fiye da mutum 20. Ikilisiya ma ta san ɗacin wannan zargi, gama a Fabrairu 1964 gwamnatin Janar Abbud ta kori 'yan mishan wajen 300 daga kudancin Sudan, tana cewa suna taimakon 'yan tawaye.

Wani zai ce, ashe, Joshuwa bai aiki magewaya Yariko ba? Ya aika. Amma a sake karanta sura ta biyu a ga wanda aka ambaci sunansa. Magewayan biyu ba su da suna. Mai suna ita ce Rahab, matar garin, wadda ta sa ranta da na gidan ubanta a hannu, aka kuma lissafta abin da ya sami iyayenta da 'yan'uwanta, har Matiyu ya sa ta cikin asalin Almasihu. Mason ma ya ba jaruminsa mataimaki Balarabe, Abu Fatma, amma ba wanda ya damu da abin da zai sami gidansa in asiri ya tonu. Inda kuwa Littafi Mai Tsarki ya haɗa soyayya da leƙen asiri a ɗaki ɗaya, a gidan Delila ne, aka kuma ƙare da ƙwaƙule idanun Samson.

Ba a ce kada a ƙaga labari a kan zamanin da ya wuce ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi haka a Shaihu Umar a 1934, bai kuwa ɗauke idonsa daga uwar da ta bi hamada tana neman ɗanta har ita ma aka sayar da ita ba. Marubutan Hausa na yau, masu bi da waɗanda ba masu bi ba, da suke sha'awar yaƙi da soyayya, ba su da bukatar aron hafsan Ingila. Tsakanin Burmi da Mai Wurno akwai tafiyar shekara uku, da matan da suka haihu a hanya, da samarin da suka yi alkawarin aure a Sakkwato suka tsufa suna tsinkar auduga a Jazira.