Kada A Ba Mota Lodi Da Mataccen Geji

A tashoshin Birnin Kebbi da Argungu, ba wuya ka ga tsohuwar motar dizal ta yi lodin shinkafa alhali gejin zafi da na baƙin mai sun mutu. Direbobi kan ce kunnensu ya san inji. Amma a watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, kafin kunne ya ji, gasket ya ƙone.

Gano matsalar ba wahala. Idan allurai sun kwanta tare, a duba fiyus da wayar da aka ɗaure jikin bodi. Idan ɗaya ce, a duba sansa da wayarta. Ya kamata shugabannin NURTW su hana irin wannan mota lodi, domin kuɗin sansa bai kama ƙafar na sauke inji ba.